Wasiƙun Auta da Rigunan Farfesa Biyu

Mai askin da ke jikin shagona yana ta yawo da wani labari a kaina. Duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya rage masa gashi ya cika masa kunne. Shi ya sa na ga gara in faɗi nawa da bakina, tunda da ni abin ya faru, shi kuwa ranar a layin baya ya zauna yana gyangyaɗi, sai da dariya ta tashe shi.

Ni tela ne, amma ba telan facin wando ba. Shekara goma sha tara ina ɗinka rigunan da manyan jami'a ke sawa ranar taro, masu faɗin hannu da jan baki, da hular nan mai laushi da ke zama a ka kamar kyanwa ta kwanta. Shagona yana daura da ƙofar jami'a. Babu farfesan da ban zagaye cikinsa da tef ba. In ce masa, "Ɗaga hannu," ya ɗaga. In ce, "Daina riƙe numfashi, ranka ya daɗe, na gan ka," ya saki. A nuna mini wani a garin nan da zai faɗa wa farfesa haka ya kwana lafiya.

To, mutum irina ne aka so a ɓoye wa maganar wasiƙun Auta.

Auta ɗiyar Yayata ce, ta ƙarshe. Tana shekarar ƙarshe a jami'ar, tana karantar lafiyar ruwa. Wato ta ɗebo ruwan rijiya a kwalba, ta ɗiga masa wani abu, ta zauna tana kallonsa. Akwai tallafin karatun digiri na biyu da ake ba mutum ɗaya tak daga sashensu. In ta samu, ta wuce gaba. In ta rasa, karatu ya tsaya nan, don Yaya ba ta da halin ɗaukar nauyinsa, ni kuma kada mu shiga wannan.

Ranar Lahadi na shiga gaida Yaya, da yake ƙafarta ta kumbura, na iske ta da Auta suna magana ƙasa-ƙasa. Ina sallama suka yi tsit. Da ma ni in aka yi tsit ne nake jin kunnena ya buɗe.

"Me ake ɓoye mini?"

"Ba komai, Kawu," in ji Auta. "Wasiƙun shaida ne kawai. Malamai biyu da suka san aikina za su rubuta, kowa ya rufe tasa a ambulan ya sa hannu a bakin. A kai ofishin tallafi kafin ƙarfe huɗu ranar Alhamis."

"Su wa kika zaɓa?"

"Malamar da ke duba aikina, da Malam Mai Keke."

"Mai me?"

"Mai Keke. Da keke yake zuwa aiki."

Na nemi kujera na zauna. "Ita Malamar farfesa ce?"

"A'a."

"Ta taɓa ɗinka rigar taro a wurina?"

"Kawu, aro take yi."

"Aro! Mai aron riga da mai keke! Su ne za su tsaya miki a gaban manya? Ga ni a raye, da lambar ƙugun kowane farfesa a littafina?"

Yaya ta nuna ni da sandar da take dogarawa. "Kai Tela, fita daga maganar nan. Kai ne ka je nema wa babban ɗana aiki, aka kori mai gadin da ya bar ka ka shiga."

"Wannan mai gadin da ma ba shi da ladabi."

Sai dai Allah ya riga ya tsara. Washegari ajin su Auta za su tafi ƙauyuka ɗibar ruwa har Laraba, inda waya ba ta shiga, ƙafar Yaya kuma ko takalmi ba ta shiga. Dole ta sa suka dawo kaina. Auta ta miƙo mini wani fayil, ta ɗaga yatsa biyu kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya.

"Abu biyu, Kawu. Ka kai wa Malama wannan fayil, sakamakona ne a ciki. Ka karɓo ambulan daga Malam Mai Keke ka ajiye. Kada ka buɗe. Kada ka ƙara komai. Kada ka ba kowa shawara."

"Uku kenan."

"Kawu!"

"Na ji."

Litinin da safe na sami Malam Mai Keke yana ɗaure ƙafar wandonsa da roba. Ya ba ni ambulan, ya ce in gaida Auta, ya hau abinsa. Tun a hanya na ji hannuna bai yarda da ambulan ɗin ba. Ba nauyi. Ni mai aiki da yadi ne, na san abin kirki da taɓawa.

Mai aski ya leƙo. "Farfesan Allura, me ka samo?"

"Shaidar Auta."

Ya karɓa ya ɗaga wa rana. "Wannan? Ai takardar maganin da likita ya rubuta mini ta fi ta kauri."

Ban buɗe ba, a rubuta wannan. Dutsen guga ne ya buɗe. Na dai kara bakin ambulan kusa da tururi don in ga ko gam ɗin na kirki ne, sai ya saki da kansa. Tunda ya saki, wauta ce in ƙi dubawa.

Rabin shafi! Wai Auta tana zuwa a kan lokaci. Wai tana wanke kwalabenta da kanta, ba ta barin wa wani. Wai in sakamako bai kwanta mata ba tana sake gwajin tun daga farko ko da sau biyar ne. Wai ta taɓa nuna masa kuskure a lissafinsa, kuma ita ce da gaskiya.

"Wanke kwalabe!" na ce. "Mai wanke-wanke suke nema? Sau biyar, wato ba ta ganewa a karon farko! Kuma ya ƙara da cewa tana yi wa malamai gardama! Wannan mutumin me yarinyar nan ta yi masa?"

Ina cikin faɗa ina zagaya shago, mai aski ya ce, "Kana jin ƙauri?"

Na juya. Ashe a kan wasiƙar na ajiye dutsen. Da na ɗaga, ga hotonsa nan baƙi ƙirin a tsakiyar takarda, har da ramukan tururi, a jere gwanin sha'awa.

"To, madalla," in ji mai aski. "Yanzu kam ta samu hatimi."

Wani zai ce asara ce. Ni na ɗauke ta alama. Na sa hulata ta fita, na ɗauki fayil, na nufi ofishin Malama.

Ofis ne ko ɗakin ajiya, ban sani ba. Bokitai a ƙofa, kwalabe har kan taga, teburi ɗaya da wata siririyar mata a bayansa, wadda in na auna kafaɗarta da ƙyar za ta kai inci goma sha huɗu.

"Sannu, Baba," ta ce. "Wa kake nema?"

Baba! Ni da ko furfura goma ban tara ba, kuma su ma ina kula da su. Nan take na san shawarar da na yanke daidai ce.

"Ni ne kawun Auta. Na zo in ce miki ki huta. Maganar wasiƙa, mun samu manya."

Ta ajiye biro. "Manya?"

"Farfesoshi. Biyu. Kin san irin wannan abu, ana duba wanda ya sa hannu ne."

"Ita ta aiko ka da wannan?"

Ban ce e ba. Na dai ce, "Ai a gidanmu bakinmu ɗaya." In ta fahimci wani abu daban, wannan tsakaninta da fahimtarta.

Ta dube ni, ta dubi fayil ɗin da ke hammatata, ta ce, "To. Allah ya ba da sa'a." Ta ci gaba da rubutunta. Ko kujera ba ta ba ni ba. Da ma babu.

Manyan da nake nufi kuwa suna hannuna, a rataye. Ranar Alhamis ɗin nan da ƙarfe goma za a yi babbar lacca a zauren jami'a, irin wadda sabon farfesa ke yi don a san ya iso, kuma riguna biyu na taron suna shagona. Ɗaya ta mai laccar ce, wanda nake kira Guntun Farfesa, masanin gara. Shekara talatin yana leƙen shuri, in ya tsaya kusa da teburin yankana haɓarsa ce ke kai wa bakin. Ɗayar ta shugaban taron ce, masanin tarihi, wanda a littafina sunansa Hamsin da Biyu. Ba shekarunsa ba ne, awon ƙugunsa ne.

Hamsin da Biyu ya zo gwaji da rana. Na bari sai da na sa masa tef a wuya, lokacin da mutum ba ya iya musu.

"Ranka ya daɗe, ɗiyar yayata na neman wasiƙar shaida."

"Ta yi darasina?"

"Kullum tana wucewa ta gaban ajinka."

"Me take karanta?"

"Ruwa, ranka ya daɗe. Ai shi ma yana da tarihi."

Ya yi wata dariya da ta motsa tef ɗin inci biyu. "Rubuto in gani, Tela. Sassauta mini wuya."

Guntun Farfesa ya fi sauƙi. Ina magana yana kallon ƙafar teburina. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Suna ciki. Wata shida ya rage wa teburin nan." Na sake maimaita buƙatata. Ya ce, "E, e, rubuto," yana kara kunne a katako.

Farfesa biyu, rana ɗaya. Na ce wa mai aski ya rubuta ranar a bango.

Da yamma muka zauna a shagon mai buga takardu, wata baiwar Allah da ba ta dariya. Ina faɗa tana bugawa, mai aski yana tsaye a ƙofa da almakashi a hannu, ya bar wani da rabin kai.

"Rubuta: Na san wannan yarinya tun tana rarrafe."

"Farfesan ne ya san ta tun tana rarrafe?" in ji ta.

"Takardar tallafin ta ce a faɗi tsawon sanayya. Tsawo suke so, mu ba su tsawo. Rubuta: A shekara talatin da na yi ina koyarwa ban ga ƙwaƙwalwa irin tata ba. Sau da yawa in na kakare a gaban aji, ita nake kallo ta fitar da ni."

"Ƙara da cewa ba ta taɓa wanke kwalba ba," in ji mai aski.

"Kai, koma kan kanka. Rubuta: Ba ta sake gwaji, don tun a karon farko take daidai. Ta fito daga gidan mutunci. Kawunta shi ne fitaccen telan nan da ke daura da ƙofar jami'a, wanda ɗinkinsa ba ya saki, ana samunsa daga takwas na safe zuwa shida na yamma."

Mai bugawa ta tsaya. "Wannan na ƙarshen fa?"

"Asali ne. Ana duba asali."

Shafi biyu cif, da sunan Auta cikakke da lambar rajistarta. Na ce ta fitar da biyu.

"Iri ɗaya? Kalma da kalma?"

"Gaskiya ɗaya ce, Hajiya. Don me za ta sauya daga wannan ofis zuwa wancan?"

Talata na je neman sa hannu. Sakataren Hamsin da Biyu ya ce yana taro. Na koma, yana taro. Na ga motar farfesan ta fita, na bi ta da gudu har shataletale, takalmina ya tsinke. Guntun Farfesa kuwa an ce ya kulle kansa yana shirya lacca, ko matarsa sai ta ƙwanƙwasa sau uku. Laraba ma haka. Sai na tuna ni wane ne. Mutum zai iya guje wa ɗalibi, zai iya guje wa surukinsa, amma ba ya hawa dandamali da singileti. Na ce riguna ba za su bar shagona ba sai an sa hannu.

Waya ta fara ƙara. Sakatare ya ce, "Malam Tela, rigar Farfesa fa?"

"Saura maɓalli."

Da na ajiye, mai aski ya ce, "Rigunan nan suna da maɓalli?"

"Ba su da shi. Shi ma bai sani ba."

Abin da ni kuma na manta, a cikin wannan zirga-zirga, shi ne rigunan da gaske ba su ƙare ba. Ta Guntun Farfesa ban kalmashe ƙasanta ba, ta fi shi tsawo da taƙi guda. Ta Hamsin da Biyu kuwa ɗinkin riƙo kawai na yi wa bayanta, irin wanda ake yi da farin zare kafin gwaji.

Laraba da la'asar Auta ta dawo, ta yi baƙi, da jakar kwalabe. Ko ruwa ba ta sha ba ta tsaya a shagona.

"Kawu, ambulan?"

"Yana wuri mai kyau."

"Malama ta karɓi fayil?"

"Mun gana. Mace mai fahimta. Ke dai je ki huta, gobe da rana za ki ga abin mamaki."

"Abin da nake tsoro kenan." Ta kira Malama a gabana, wayar a kashe. Ta dube ni har sai da na fara neman wani abu a cikin durowa. "Gobe an ce duk 'yan ajinmu mu je lacca. Ana tashi zan zo in karɓa."

"Ana tashi," na ce.

Alhamis, goma saura minti biyar na shiga ɗakin da manya ke sa riguna a bayan zaure, riga biyu a kafaɗa, wasiƙa biyu a hannu, allurai a baki. Da gangan na makara. Mutumin da ke sauri ba ya karatu, sa hannu kawai yake yi. Wannan lissafin har yau ban ga aibinsa ba.

Hamsin da Biyu ya fizgi rigarsa ya zura. Na miƙa masa wasiƙa da biro. Ya ninke ta ya cusa a aljihu. "Bayan taro, Tela, bayan taro!" Ya tafi da birona.

Guntun Farfesa ya sa tasa, sai ya ɓace. Riga ta zubo ƙasa ta yi tafki kewaye da shi. Sakatarensa ya dafe kai. Na ce a kwantar da hankali, aikin minti ɗaya ne. Na durƙusa in kama ƙasan da allurai, kuma da yake aikin na hannu biyu ne, na ɗora wasiƙar a kan teburi. A kan wasu takardu. Ina ƙasa ina fama, na ji an ce, "An fara shiga!" Sakatare ya tattara duk abin da ke teburin, ya bubbuga gefensu suka daidaita, ya ruga ya kai kan mumbarin lacca.

Sai da na zauna a layi na uku, na gyara hula, na gaisa da na dama da na hagu, sannan na duba hannuna na ga ba komai.

Zaure ya cika maƙil. Manya a gaba, ɗalibai a baya, Auta a cikinsu. Guntun Farfesa ya hau akwatin da aka ajiye masa a bayan mumbari, ya sa tabarau, ya sunkuyar da kai. Kowa ya san shi, in ya fara karatu ba ya ɗagowa ko rufi zai faɗo. Na ce a raina wataƙila tana can ƙarshe, a ƙasan takardun, ya gama kafin ya kai.

Shafi na bakwai ya iso kan uwar gara.

"Ita kuwa uwar gara," ya karanta, "tana kwance a tsakiyar shuri, ba ta fita, ba ta ganin rana, sauran ne ke kawo mata abinci." Ya lashi yatsa ya juya shafi. "Na san wannan yarinya tun tana rarrafe."

Manya suka gyaɗa kai. Shekara talatin yana tare da gara, ba abin mamaki ba ne.

"A shekara talatin da na yi ina koyarwa ban ga ƙwaƙwalwa irin tata ba. Sau da yawa in na kakare a gaban aji, ita nake kallo ta fitar da ni."

Wani a bayana ya ce, "Garar?"

Sai ya karanta sunan Auta, cikakke, da lambar rajista, a hankali, lamba bayan lamba, kamar mai sanar da wanda ya ci gasa. Layin baya ya ɗauki guɗa da tafi. Shi bai ji ba. Ya wuce kan gidan mutunci. Ya iso kan fitaccen tela. Da ya ce "daura da ƙofar jami'a," kawuna ɗari biyar suka juyo kaina lokaci ɗaya, don babu wanda ban taɓa aunawa ba ko na ƙi aunawa.

"Ana samunsa," in ji Farfesa, "daga takwas na safe zuwa shida na yamma."

Na ga abin yana neman lalacewa, sai na miƙe don in taimaka. "Ranka ya daɗe! Shafi na takwas da na tara ba naka ba ne! Sa hannu kawai za ka yi a ƙasa!"

A nan ne Hamsin da Biyu, yana zaune a kujerar shugaba da makirufo a gabansa, ya laluba aljihu ya fito da tasa. Ya buɗe, ya bi layin farko da yatsa, ya ce, zaure duka na ji, "Af! Ashe ni ma na san ta tun tana rarrafe!"

Dariya ta kama shi. Ya sunkuya yana dukan teburi, sai bayan rigar ya ce ɓarrr, daga wuya har ƙugu, farin zare na lilo. Wani ɗalibi ya ɗaga murya: "Ɗinkinsa ba ya saki!" Guntun Farfesa ya ɗago kai a karo na farko cikin shekara talatin, ya ja da baya don ya ga me ke faruwa, ya taka ƙasan riga, allurai suka watse, ya sauka daga kan akwati ba shiri. Mumbari ya haɗiye shi. Hular kawai muke gani tana motsi.

Wannan ne lokacin da mai aski ya farka. Duk abin da ya ce ya gani kafin nan, ƙarya ce.

A waje Auta ta same ni a bayan wata mota, inda na tsaya duba tayar. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ƙarfe ɗaya ta wuce.

"Kawu, ambulan Malam Mai Keke."

Na ciro daga aljihu. Ta dubi hoton dutsen guga, ta juya bayan, ta sake juyowa.

"Ta Malama fa?"

"Ai na ce mata ta huta."

Ta kira Yaya. Ba ta sa a lasifika ba, amma masu gadi biyu da ke can bakin ƙofa sun ji komai, ɗaya ma ya cire hularsa. Ba zan maimaita ba. Akwai abubuwan da suka faru ina ɗan shekara bakwai da na zaci an yafe.

Auta ta kama hanya, na bi ta. Ta ce in koma. Na ce ba zan bar ta ita kaɗai a wannan hali ba. Ta ce ai halin ni ne.

Malama tana ofis, ta cire rigar aro ta rataye a ƙusa, idonta jajir don dariya. Da ta ga Auta sai ta ɗaure fuska.

"Ai an ce in huta."

"Malama, wallahi ban aiko shi ba. Fayil kawai na ba shi ya kawo."

"A gidanku ba bakinku ɗaya ba?"

Suka juyo kaina su biyu. Na yi gyaran murya. Na ce a matsayina na babba, wataƙila an sami ɗan saɓanin fahimta. Malama ta ce ba ta ji ba. Na ce yarinyar ba ta sani ba. Ta ce har yanzu ba ta ji ba. Na ce, "Ni ne. Ni kaɗai. Na ƙona ɗaya, na kori ɗaya." A gaban bokitai na faɗi haka, ni da farfesoshi ke ɗaga wa hannu.

Ta kifa wani bokiti da ƙafa. "Zauna nan, Baba. Hannu a kan gwiwa. In ka taɓa ko da biro ne, na fasa."

Na miƙa mata fayil ɗin. Ta ce ba ta buƙata. Ta jawo kwamfuta ta fara bugawa, ba ta tambayi kowa komai ba, sai sau ɗaya: "Rijiya nawa kika auna a zangon da ya wuce, arba'in da ɗaya ko da biyu?" Auta ta ce da biyu, ɗaya ta rufta daga baya. Ta ce, "Na tuna, ranar da kika dawo da takalmi ɗaya."

Aka aika neman Malam Mai Keke. Sai uku da kwata aka same shi, a zaure, yana taya masu shara tsintar allurai. Ya zo ya ga wasiƙarsa, ya daɗe yana kallo, ya ce don Allah a bar masa, zai sa ta a gilashi. Ya tafi ofishinsa ya sake fitar da wata, rabin shafin nan dai, ko kalma bai ƙara ba, duk da na ba shi shawara daga kan bokiti.

Huɗu saura ashirin Malama ta gama. Kafin ta ninke ta dube ni. "Ba a nuna wa kowa irin wannan wasiƙa. Amma layi ɗaya zan karanta maka, don ka ji ka shiga." Ta karanta: "An tambaya ko tana iya aiki a cikin mawuyacin hali. Tana iyawa. Na ga kawunta."

Malam Mai Keke ya fita waje ya jingina da bango.

Aka rufe ambulan biyu, aka sa hannu a baki. Ofishin tallafi yana can ƙarshen jami'a. Na miƙe na ce a kawo in ruga da su, na san gajeriyar hanya.

"A'a!" Murya uku, har da wani mai shara da ba ruwansa.

Auta ta ɗaure bakin siket, ta hau keken Malam, ambulan a haƙori. Huɗu saura minti huɗu aka buga mata hatimi, na gaske.

Bayan wata biyu sakamako ya fito. Ita aka ba. Yaya ta yi ta kuka tana sa wa Malama albarka, tana sa wa Mai Keke, har keken ta sa wa. Ni ina zaune a ɗakin, a kujerar da ke fuskantarta, ba ta ko dubi inda nake ba.

Farfesoshi sun ɗauke ɗinkinsu sun kai wa wani yaro a cikin gari da ko hannun riga bai iya ɗorawa ba. Teburina kuma ya karye, wata shida cif, Guntun Farfesa ya san aikinsa. Yanzu fararen rigunan ɗakin gwaji nake ɗinka wa sashen su Malama, kuma har yau Baba take ce mini. Mai aski ya sa an rubuta a jikin bangona da jan fenti: daga takwas na safe zuwa shida na yamma. Ban goge ba, don lokutan daidai ne.

Amma ina so mai hankali ya zauna ya yi lissafi. Mutum nawa suka nemi tallafin nan? Da yawa. Duk suna zuwa a kan lokaci, duk suna da malamai. Wace ce aka karanta sunanta da lambarta a gaban jami'a gaba ɗaya, daga bakin farfesa, a kan mumbari? Kuma a wasiƙar da ta ci, wane ɗan'uwa aka ambata? Ba uwarta ba. A cire ni daga cikin takardun nan a ga abin da zai rage. Wanke kwalabe.